Gidan da Rake Ya Gina

Tun da muka dawo daga dogon hutun da ya wuce 'yan ajinmu suka hana ni sakat, kowa tambayarsa ɗaya ce, wai me na gani a Ingila. Waɗansu labarin filayen ƙwallo suke so, waɗansu na jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa a Landan, waɗansu kuwa so suke su ji ko da gaske ne rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe tara na dare. Duk na ba su amsa gwargwadon abin da na sani. Amma akwai wuri guda wanda da na ba da labarinsa sai gardama ta kaure a aji, har malaminmu na tarihi ya shigo ya same mu ana ta musu. Ya ce tun da abin ya kai haka, in rubuta ra'ayina a wannan mujalla domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su karanta su yi mana alƙalanci. To, ga shi na rubuta. In an ga kuskure a yi mini afuwa, ɗan koyo ne.

Wurin nan sunansa Harewood, wani tsohon gidan masu sarauta ne a lardin Yorkshire, kamar mil 7 arewa da birnin Leeds. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke karatu a Leeds, wurinsa na sauka. Ran wata Asabar da hantsi ya ce in shirya za mu je in ga yadda manyan Ingila suka zauna a zamanin da. Muka hau bas mai bene mai lamba 36 wadda ke bin hanyar Harrogate, muka sauka a bakin wata babbar ƙofa ta dutse. Ni a zatona da mun shiga ƙofar nan mun iso ke nan, ashe da sauran tafiya. Sai da muka taka sosai tsakanin itatuwa da ciyawa kore shar, kana gidan ya bayyana, tagogi jere reras, ya hakimce bisa tudu kamar basarake a kan karaga.

Wani attajiri mai suna Edwin Lascelles shi ya sa aka gina shi. An aza harsashi a 1759, ba a gama ba sai 1771, watau shekara 12 ana aiki. Bai nemi kowa ba sai gwanayen zamaninsa. John Carr na birnin York ya zana ginin, Robert Adam ya tsara adon ɗakuna, Thomas Chippendale kuwa, wanda har yau Turawan Ingila ke ganin ba su taɓa yin kafinta kamarsa ba, shi ya yi kujeru da tebura da gadaje da madubai. In ka ɗaga kai sai ka ga rufin kowane ɗaki da irin nasa zanen, a ɗakin kaɗe-kaɗe ma zanen dardumar da ke ƙasa ya yi daidai da na rufin sama. Akwai ɗakunan littattafai, akwai wani gadon alfarma mai rumfa wanda aka tanada domin manyan baƙi. Gimbiya Mary, 'yar Sarki Joji na Biyar, gwaggon Sarauniya Elizabeth ta Biyu, a gidan nan ta yi zaman aure, a nan kuma ta rasu a 1965.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana cikin wani dogon zaure wanda tsawonsa ya wuce ƙafa 70. A saman kowace taga akwai labule ya sauko ninki bisa ninki, har da tuntaye. Wata tsohuwar Baturiya mai yi wa baƙi bayani ta ga ina kallo, sai ta ce in matsa in duba da kyau. Da na matsa sai na ga ashe katako ne aka sassaƙa aka yi masa fenti, shekara 250 ke nan yana ruɗin idon mutane. Na riƙe wannan a raina, domin kafin mu bar wurin na gane ba labulen kaɗai ke ruɗin ido ba a gidan nan.

Daga nan muka gangara ƙasan gidan inda madafa take, tukwanen jan ƙarfe rataye suna ƙyalli. A nan barori suke wuni, masu dafa abinci da masu wanki da masu hura wuta. A irin waɗannan gidaje akan jera ƙararrawa a bangon ƙasa, kowace da ɗakin da take wakilta, in maigida ya ja igiya a sama sai bara ya ruga ta matakalar baya, don kada ya yi karo da baƙi.

To, amma duk kyan cikin gidan, wajensa ya fi. A gefen kudu akwai wani faffaɗan dandamali wanda Charles Barry, mutumin da ya zana ginin majalisar dokokin Ingila, ya ƙara wajen shekarun 1840. An shuka furanni da gajerun shingaye na ganye, an aske su an yi zane da su kamar aikin wuyan babbar riga. In ka tsaya a bakin dandamalin nan ka hanga, sai ka ga ƙasa ta gangara a hankali har zuwa wani tafki mai faɗin eka 32, bayansa tuddai da kurmi, tumaki suna kiwo, shirwa tana shawagi a sama. Shirwar nan da mu ke kora da dutse saboda 'yan tsaki, su can lallaɓa ta suke yi, domin irin tasu ta taɓa ƙarewa ƙaƙaf a Ingila, sai a 1999 aka sake sakin waɗansu a wannan fili.

Na ce wa Kawu, "Kawu, lalle Allah ya yi wa mutanen nan baiwa, dubi tafki har ƙofar gida." Ya yi dariya ya ce, "Ƙasa dai ta Allah ce, ɗana, amma tafkin nan mutum ne ya yi shi, itatuwan can ma da ka ke gani kamar daji, ɗaya bayan ɗaya aka dasa su."

Wanda ya tsara wannan aiki sunansa Lancelot Brown, an haife shi a 1716, ya rasu a 1783. Da aikin yaron lambu ya fara, har ya zama babu mai sarauta a Ingila da ba ya neman sa, ya tsara filayen manyan gidaje fiye da 170. Ana yi masa laƙabi da Capability, domin duk filin da aka nuna masa yakan ce wa mai shi wurin nan yana da halin gyaruwa. Ya yi aiki a Harewood daga 1775 zuwa 1781. Dabararsa ita ce ya gyara wuri har ya zama kamar ba a taɓa shi ba. Yakan datse ɗan rafi ya zama tafki, ya karkata bakinsa ta yadda ido ba ya ganin ƙarshensa. Yakan sa leburori su kwashe tudu da shebur da baro, a zamanin da babu katafila. Maimakon katanga wadda za ta tare ido, a irin filayensa akan haƙa gwalalo mai bango ɗaya a ɓoye, dabbobi ba sa iya tsallakewa, mai hange daga gida kuwa ba ya ganin komai sai ciyawa shimfiɗe. Ko tsohon gidan da ke wurin tun da fari, mai suna Gawthorpe, rushe shi aka yi bayan an gama sabon. Wajibi ne in yaba wa mutumin nan a kan abu guda, ya dasa itatuwan da ya san ba zai ga girmansu ba, ga shi yau baƙo daga wata ƙasa ya zo ya sha inuwa.

Ina zaune a inuwar nan sai wata tambaya ta faɗo mini. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da zai ɗauki shekara 12 yana gini, ya kira gwanaye huɗu mafi tsada a ƙasarsu, ya juya rafi ya kawar da tudu, ina ya sami kuɗin? Amsar ba a ɓoye take ba, masu kula da gidan da kansu suna faɗa wa baƙi. Kuɗin daga rake ya fito, raken kuwa bayi ne suka noma shi.

Mahaifin Edwin, watau Henry Lascelles, ya yi arzikinsa ne a Barbados, wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan. Ya riƙe muƙamin mai karɓar kuɗin kwastan a can, ya yi cinikin sukari, ya ba masu gonakin rake bashi da ruwa, har ya sa jari a jiragen ruwan da suka yi ta sayen bayi a gaɓar Anomabu, a ƙasar da yau ake kira Gana. Shi ya sayi filin Harewood kafin rasuwarsa a 1753. Shi kansa Edwin a Barbados aka haife shi. Da masu bashi suka kasa biya sai gidan Lascelles ya riƙa karɓe gonakinsu, har tsakanin 1773 da 1787 suka mallaki eka fiye da 27,000 da bayi kusan 3,000 a Barbados da Jamaika da Grenada da Tobago. Ku duba shekarun nan da kyau. Lokacin da ake haƙa tafki ana dasa itatuwa a Yorkshire, lokacin ne ake ƙara yawan bayi a can tsallaken teku.

Mu dai mun san rake, waɗansunmu ma sun ga yadda ake matse shi a dafa a yi mazarƙwaila, mun san aiki ne na gumi ko ga mai yi wa kansa. To, a tsibiran nan ruwan rake ba ya jira, in an sare shi tilas a matse a dafa nan da nan, in ba haka ba ya yi tsami. Saboda haka lokacin girbi dare da rana ake aiki, waɗansu a gona da adda, waɗansu a bakin injin matsa wanda yakan kama hannun mai gyangyaɗi, waɗansu a ɗakin dahuwa mai zafi kamar maƙera, ga bulala a bayansu, ba lada ba sallama. Masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa, shi ya sa kullum jiragen ruwa ke komawa Afirka ta Yamma su ɗebo sababbi.

Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, ta yi dokar soke bautar kanta a 1833. Amma ga inda abin ya fi ciwo. Gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, masu bayin aka biya, wai an raba su da dukiyarsu. Mai sarautar Harewood na lokacin ya karɓi fam 26,000 da 'yan kai saboda bayi 1,277. Su kuwa bayin ko anini ba a ba su ba, aka ma tilasta musu su ci gaba da yi wa iyayen gijinsu aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ke nan. Bashin da gwamnati ta ci don biyan wannan diyya sai a 2015 aka gama biyan sa, gidan Lascelles kuwa sai a 1975 suka sayar da gonarsu ta ƙarshe a Barbados.

A nan ne gardama ta tashi a ajinmu. Wani abokina ya ce ni ma na yi laifi da na biya kuɗi na shiga, wai na ƙara wa ɓarawo jari, kuma gida irin wannan rushe shi ya kamata a yi, rama cuta ga macuci ibada. A gida kuma da na ba Baba labari, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "An tura ka ka buɗe ido, ka dawo mana da baƙin ciki. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Masu zaluncin da waɗanda aka zalunta duk sun riga mu gidan gaskiya, ka bar su da Mahaliccinsu." Ba Baba kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A 2020 ƙungiyar National Trust, wadda ke kula da tsofaffin gidaje masu yawa a Ingila, ta fitar da rahoto cewa wurare 93 daga cikin nata suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka, Turawa da yawa suka fusata, suka ce su shan iska suke zuwa yi, a bar tone-tone.

Ni dai, da neman afuwar Baba da ta abokina, ban bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ra'ayina shi ne a bar gidan a tsaye, a riƙa zuwa ganin sa, amma duk wanda ya shiga a faɗa masa gaskiyar abin da ya gina shi, shi ma kuma ya tambaya.

Ga abokina ina cewa, in an rushe gidan wa aka taimaka? Bayin nan ba su bar kabari mai suna ba, ba su bar hoto ba, da yawansu ko sunan yankansu ba a rubuta ba. Abin da ya rage a duniya wanda ido zai gani ya auna yawan guminsu shi ne irin wannan gini. Sau nawa muka karanta cinikin bayi a littafin tarihi, muka haddace shekaru muka rubuta a jarrabawa, muka manta? Ni ban san nauyin abin ba sai da na tsaya a dandamalin nan na hangi filin da ido ba ya kai ƙarshensa, na tuna da wuyan wa aka saye shi. Gani ya kori ji. Mai rushe shaida kuwa mai laifi yake taimaka wa, ko da bai yi nufi ba. Bugu da ƙari, tun 1986 gidan yana hannun wata ƙungiyar amintattu ta ilmantarwa, kuɗin shiga wajen kula da wurin yake tafiya. Kada kuma mu manta da magina da kafintoci da leburorin Yorkshire da suka yi aikin hannunsu tsakani da Allah, su ma ba su ci ribar rake ba.

Ga Baba kuma ina cewa, cikin ladabi, masu iya maganar da suka ce kada a tuna bara su ne kuma suka ce waiwaye adon tafiya. Abin nan bai wuce ba kamar yadda muke zato, domin jikokin bayin suna nan da ransu. Akwai wani shahararren ɗan wasan kwaikwayo baƙar fata a Ingila mai suna David Harewood, iyayensa mutanen Barbados ne. Da aka bi asalinsa sai aka tarar kakanninsa bayi ne a gonakin gidan Lascelles, daga nan sunan ya samo tushe. Mutum yana ɗauke da sunan gidan da ya mallaki kakanninsa, yana sa hannu da shi a kowace takarda, ta yaya za a ce masa ya manta? Ya je gidan, sun zauna ido da ido da David Lascelles, mai riƙe da sarautar Harewood tun 2011. A 2023 aka ɗauki hotonsa aka shigar da shi cikin hotunan gidan. A shekarar nan kuma shi David Lascelles ya shiga cikin jikokin masu bayi da suka fito fili suka nemi gwamnatin Birtaniya ta ba da haƙuri, ta kuma zauna da ƙasashen Karibiyan a kan gyaran ɓarnar da aka yi. Tsofaffin takardun gonakin ma an miƙa su ga Jami'ar York domin masu bincike su karanta.

Na san wani zai ce hoto a bango ba ya biyan hakki, gaskiyarsa kuwa. Dukiyar da aka tara tana nan inda aka tara ta, tsibiran da aka tatsa suna nan da wahalarsu. Amma mai bashin da ya amsa ana bin sa ya fi wanda ya rantse bai taɓa ci ba, domin da amsawa ake fara maganar biya. Da a ce na shiga gidan nan an nuna mini madubai da furanni kawai an rufe mini sauran, da na fito ina yabon Turawa kamar wawa, labulen katako ya ruɗe ni.

Kafin in rufe, akwai maganar da malaminmu ya yi ran da muke musu, wadda ta sa ajin ya yi tsit. Ya ce laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. A ƙasar Hausa ma an yi bauta, an yi rinji da gandu inda bayi suka yi wa manya noma, an sayar da mutane a kasuwanninmu, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya bisa doka a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. In an kai mu yawon buɗe ido Gidan Makama ko ganuwar Kano, akan faɗa mana sunan sarkin da ya sa aka gina, amma ba safai muke tambayar waɗanda suka kwaɓa ƙasar suka ɗauke ta a ka ba. Ganuwar ma da ya kamata mu tambaya a kanta, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye wurare da yawa daga cikinta. Turawan nan sun adana ginin sun kuma fara faɗin aibinsa, mu kuwa muna neman rasa ginin da labarin gaba ɗaya.

Saboda haka roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, duk wanda Allah ya ba ikon zuwa irin wannan wuri, a Ingila ne ko a nan gida, ya je, ya more wa idonsa, ya yaba wa gwanin da ya yi aikin, kana ya tambayi wa ya biya kuma wa ya sha wahala. Iyayenmu kuma muna roƙo su riƙa ba mu labarin da duka, da mai daɗi da mai ɗaci, mun kai munzalin da za mu iya ɗauka. Ni kam tun da na dawo, duk ran da na zuba sukari a kunu sai na tuna da tafkin Harewood da mutum 1,277 ɗin nan da aka yi wa kuɗi. Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta, ya kiyashe mu da cin hakkin wani, amin.

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe.